Kundayen Ɗalibanmu da Ilimin Dajin Birnin Gwari

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin ajiyar kundayen digiri a jami'o'inmu ya san yadda wahalar ɗalibai ke tafiya a banza. Kowace shekara sukan shiga ƙauyuka da kasuwanni su tattaro bayanai, su buga, su ɗaure, malami ya ba da maki, daga nan kuma sai ƙura da gara su gaji aikin. Ɗalibin baɗi kuwa sai ya sake ɗaukar batun daga tushe, tamkar ba a taɓa yin sa ba. A ganina akwai hanyar da za ta rage wannan asara, wato amfani da wiki wajen koyarwa, kuma babu inda buƙatar hakan ta fi fitowa fili kamar ƙasar Birnin Gwari.

Wiki kundi ne na kwamfuta wanda mutane da yawa ke rubutawa tare, kowa na iya ƙari ko gyara a kan abin da ɗan'uwansa ya rubuta. Wani Ba'amurke mai suna Ward Cunningham ne ya ƙirƙiro shi a 1995, ya aro sunan daga wata kalmar mutanen Hawai mai nufin sauri. Wikipedia, wadda aka kafa a 2001, ita ce mafi shahara, tana kuma da sashen Hausa. Abin da ya kamata malami ya lura da shi shi ne, wiki ba ya mantuwa. Duk gyaran da aka yi, yakan adana sunan wanda ya yi da lokacin da ya yi, kuma ana iya mayar da rubutu yadda yake a da idan wani ya ɓata shi. Mu malamai mun san cutar aikin rukuni, inda mutum ɗaya zai yi aiki, tara su rattaba sunayensu. A wiki babu wannan fakewa, domin gudummawar kowa a bayyane take. Wannan ne ya sa jami'o'in Amurka suka soma sanya rubutun Wikipedia cikin aikin aji, kuma a 2012 aka gwada haka da Larabci a Jami'ar Alƙahira da ta Ain Shams a Masar.

To, me ya kawo Birnin Gwari cikin wannan zance? A nan ne gandun dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe tun 1936 a zamanin En'e, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,000. Ƙasa ce da Hausawa da Gwarawa da Kamukawa da Fulani suka daɗe suna zaune tare, kowace al'umma da nata sunayen na doka da maɗaci da kaɗanya da ɗorawa, da sanin wane saiwa ke maganin me, da tarihin kowane dutse da rafi. Akasarin wannan ilimi a bakin tsofaffi yake, da maharba da makiyaya da masu magani. Shekarun da 'yan bindiga suka yi suna addabar yankin sun tarwatsa ƙauyuka da dama, mutanensu suka yi hijira zuwa garin Birnin Gwari da Kaduna da sauran wurare. Yaron da ya tashi a gudun hijira ba zai san sunan bishiyar da bai taɓa gani ba, kuma harshe ƙarami irin Kamuku shi ne farkon wanda ke jin jiki idan masu shi suka watse cikin Hausawa. Sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla a ƙarshen 2024, wanda ya kai ga sake buɗe kasuwar kara ta garin, ya ba da wata kafa, amma tsofaffin nan ba za su jira mu ba.

Shawarata ita ce sassan harsuna da tarihi da nazarin tsirrai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Jihar Kaduna su buɗe wiki guda na haɗin gwiwa a kan wannan ƙasa. Ɗalibin harshe ya rubuta sunan bishiya a harsuna huɗu tare da karin sautinsa, ɗalibin tsirrai ya tabbatar da sunanta na kimiyya, ɗalibin tarihi ya kawo labarin garin da ya ci sunanta. Su gwada abin da suka samo da littafin sunayen tsirrai na Dalziel na 1916, da ƙamusun Bargery na 1934, da na Jami'ar Bayero na 2006, su ga abin da ya sauya da wanda ba a taɓa rubutawa ba. Ajin bana ya aza harsashi, na baɗi ya ɗora, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai akwai abubuwa uku da tilas a kiyaye. Na farko, Wikipedia ba ta karɓar binciken da ba a wallafa ba, don haka hirar da ɗalibi ya yi da maharbi ba ta da gurbi a cikinta. Dole jami'a ta mallaki nata wikin, malamai su tace, abin da ya inganta a wallafa shi a mujalla, sannan ya samu shiga Wikipedia. Na biyu, kuma mafi girma, shi ne tsaro. Kada a tura ɗalibi cikin daji don neman maki. Masu ilimin da yawa suna cikin gari. Kada kuma a bayyana sunan wanda ya ba da bayani, ko hanyoyin daji da mashayar dabbobi, domin abin da aka rubuta don ilimi na iya zama jagora ga mugu. Na uku shi ne intanet. Ba mu manta da yadda aka katse layukan waya a wannan yanki a ƙarshen 2021 ba. Sa'ar da aka yi, manhajar MediaWiki kyauta ce, kuma ana iya ɗora ta a kan kwamfuta ɗaya a cikin sashe, ɗalibai su yi aiki ko babu intanet.

Wasu abokan aiki za su ce wannan ƙarin nauyi ne a kan malamin da ke fama da aji mai ɗaruruwan ɗalibai, kuma gaskiyarsu. Hukumomin jami'a ne ya kamata su lissafa wannan aiki cikin nauyin koyarwa, su kuma ba shi maki cikin jarrabawa. Idan aka yi haka, ɗalibi zai koyi rubutun da ya san wani zai karanta, ya koyi kafa hujja, ya kuma koyi haƙuri da gyaran abokinsa. Mutanen Birnin Gwari kuwa za su samu kundin da jikokinsu za su buɗe su ga sunayen da kakanninsu suka raɗa wa ƙasarsu. Allah Ya zaunar da yankin lafiya, Ya kuma ba mu ikon sauke wannan nauyi.