Dukiyar Mace da Wayar Hannu a Ƙasar Rano da Kibiya

Duk wanda ya san ƙasar Rano ya san ƙasar sana'a ce tun kaka da kakanni. Cikin labarin Hausa Bakwai ita da Kano aka ba sarautar baba, watau rini, kuma har wa yau Autan Bawo a ke yi wa Sarkinta kirari. Bisa dokar 2024 masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku, Rano da Kibiya da Bunkure. A ƙidayar 2006 an sami mutum sama da 145,000 a Rano, sama da 136,000 a Kibiya, yanzu kuwa sun ƙaru ƙwarai. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 noman rani ya kafu a wannan sashe na kudancin Kano, har shinkafa da tumatir da albasa da alkama suka zama abin fatauci.

Amma akwai wata kasuwa wadda baƙo ba ya gani, domin ba ta da rumfa, ba ta da ranar ci. Tana cikin gidaje, bayan zaure. A Rurum da Saji da Zurgu, a Tarai da Fammar da Durba, mata su ke matsar man gyaɗa, su toya ƙuli-ƙuli, su yi daddawa, su turara shinkafa, su ɗinka hula, su yi kiwon awaki da kaji. Yara su ne ƙafafunsu, su ke kai talla su komo da ciniki. Da wannan riba a ke zubin adashi, a ke tara kayan ɗakin 'ya'ya mata, a kan kuma rufa wa maigida asiri in rumbu ya yi ƙasa tun kaka ba ta zo ba. Wata Baturiya masaniya, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta rubuta bayani a kan wannan ciniki a 1969, ta kira shi ɓoyayyen fatauci, saboda yawansa da kuma yadda ba ya shiga lissafin hukuma.

Shekara da shekaru wannan kasuwa tana tafiya da tsabar kuɗi, daga hannu zuwa hannu, daga hannu zuwa bakin zane ko ƙasan adaka. To, sai zamani ya juya. A watan Agusta 2001 wayar hannu ta shigo Nijeriya. Da fari ta manyan attajirai ce, sannu a hankali ta kai hannun direba da dillali da almajiri. Daga baya kuɗi ma suka shiga cikinta, aka sami masu na'urar POS a bakin kasuwa da tasha, suna karɓa suna biya.

Ranar da aka gane nauyin wannan canji ita ce farkon 2023. A watan Oktoba 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar canza takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbi suka fito a Disamba, amma ba su wadata ba, tsofaffi kuwa aka janye su. Daga Janairu zuwa Maris 2023 tsabar kuɗi ta yi wuya a ƙasa duka, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki. Cikin waɗannan watanni mai saye ya kan zo da kuɗinsa cikin waya, ya ce a ba shi lambar asusu ya tura. Ɗan kasuwa mai asusu ya sayar. Mace mai tulin ƙuli-ƙuli a ɗaka, wadda ba ta da waya balle asusu, ɗayan biyu ne: ko kayanta su kwana, ko ta ba da lambar wani, miji ko ɗa ko maƙwabci, kuɗinta su faɗa hannun da ba nata ba.

A nan ne maganar ta shafi malamai. Ba wani almajirin fiƙihu da bai san cewa dukiyar mace tata ce ba. Sadakinta da gadonta da ribar sana'arta ba su zama na miji don an ɗaura aure. Muddin kuɗi suna ƙulle a bakin zanenta, wannan hukunci yana tsare kansa. Amma in suka koma asusun da ke ɗauke da sunan wani, lambar sirri kuma tana kansa, to mallakar ta zama ta fatar baki kawai. Ko da mutumin amintacce ne, rai ba a bakin kome ya ke ba. In ya rasu, banki ba ya sanin wace naira ce ta matar, wace ce ta mamaci, duka sai su shiga rabon gado. In aure ya mutu, ga rigima a gaban alƙali ba takarda ba shaida. Masu rabon gado da masu sulhu sun fi kowa sanin irin ɓarnar da cuɗanyar dukiya ke haifarwa tsakanin dangi.

Hukuma ma ta ƙara ɗaure al'amarin. A 2014 aka ƙaddamar wa masu asusun banki lambar BVN, wadda a ke ɗaukar hoton mutum da zanen yatsunsa kafin a ba shi. A Disamba 2020 aka umarta a haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN. Tallafin naira 25,000 a wata da Gwamnatin Tarayya ta sanar a 2023 domin gidaje marasa ƙarfi, shi ma an shardanta tantance mai karɓa da waɗannan lambobi. Saboda haka macen da ba a rubuta ta ba, ba ta da layi da sunanta, ta kan zama kamar babu ita a idon banki da na hukuma, ko da ita ke ciyar da rabin gida.

Me ya hana mata waya? Tsada tana ciki, da rashin wutar caji, da raunin sabis a wasu ƙauyuka. Amma akwai abu biyu da suka fi waɗannan ƙarfi. Na farko izini. Cibiyar CITAD ta Kano, wadda ta faro a 1996 da koyar da kwamfuta, ta yi bincike a kan mata da intanet a Arewa, ta tarar fiye da rabin mazan da aka tambaya ba su son matansu su shiga intanet, iyaye maza da yawa kuma suna hana 'ya'yansu mata. Tsoronsu ba na banza ba ne. Cikin waya akwai batsa, akwai 'yan damfara, akwai zance da wanda ba muharrami ba, akwai ƙarya mai gudu kamar wutar daji. Mutane ba su manta da watan Agusta 2014 ba, sa'ad da saƙo ya zaga cikin dare ɗaya cewa wanka da ruwan gishiri da shansa na maganin cutar Ebola, har wasu suka rasa rayukansu.

Sai dai mai hankali ya duba ya ga wa ɗan damfara ya fi cuta. Wadda aka koya mata cewa banki ba ya kira ya nemi lambar sirri, da jin muryar mayaudari sai ta kashe waya. Wadda ba a koya mata ba ita ce ke karanta masa lambobin da bakinta. Haka kuma wadda ta saba da ƙa'idar tabbatar da labari kafin a yaɗa shi, ƙa'idar da malamai ke karantarwa kullum, ba ta sha ruwan gishiri don wani ya turo. Hani ba ya kore wayar daga gida, domin tana aljihun miji da na samari, sai dai ya bar mace ita kaɗai cikin duhun abin da ke kewaye da ita. A kan wannan ne wani shiri mai suna Tech4Families ya yi aiki a Kano a 2019, yana tara iyali gaba ɗaya, miji da mata da 'ya'ya, su saurari shirin rediyo su tattauna, tare da jin bayanin malamai.

Abu na biyu harafi. Mata da yawa a ƙasar Rano da Kibiya sun yi makarantar allo, suna karanta Alƙur'ani, wasu suna rubuta wasiƙa da ajami. Amma saƙon banki da Turanci ya ke zuwa, lambobin da a ke dannawa don tura kuɗi su ma bayaninsu da boko ne. Ko takardar naira ta rage musu hanya: a 2007 aka cire ajami daga naira 5 da 10 da 20 da 50, a 2014 aka cire shi daga sabuwar naira 100, ya saura a kan 200 da 500 da 1,000. Sai a riƙa kiran mace jahila alhali tana da karatu, illa dai ba a yi mata magana da harafin da ta sani ba. Abin da ya sauƙaƙa shi ne saƙon murya na WhatsApp, wanda ba ya bukatar rubutu ko kaɗan, da kuma kasancewar babbar waya tana karɓar haruffan Larabci, har mai ajami ya iya rubuta Hausa da su.

Ƙasar Hausa ba yau ta fara fuskantar tambayar yadda ilmi zai kai ga matan da ke cikin gida ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo cikin Nurul Albab ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, watau 1280 na Hijira, ta sami dabarar aikin. Ta zaɓi dattijan mata amintattu daga ƙauyuka, aka kira su jajoji, ta naɗa wa kowace malfa. Su ke jagorantar ayarin 'Yan Taru zuwa wurinta, su karɓi karatu cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, su koma su isar wa matan aure da ba su iya fita. Ba ta rushe kulle ba, ba ta kuma yarda ya zama dalilin jahilci ba. Kayan aikin zamaninta ta ɗauka, takarda da tawada da hadda da ƙafar dattijuwa. A zamanin baya-bayan nan rediyo ya yi irin wannan hidima, tun da BBC ta fara Hausa a 1957, Rediyon Kaduna kuma ya buɗe a 1962. Hukumar yaƙi da jahilci ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 1980, ita ma ta buɗe azuzuwan manyan mata.

Hanyar jajoji tana nan ga mai son bi. Makarantun Islamiyya na matan aure sun yaɗu a garuruwa da ƙauyuka, mazaje kuma sun amince da su. In malam ya ware sa'a guda a mako, ya sa malama ko wata ɗaliba da ta gama sakandare ta zauna da mata, abin koyarwar ba shi da yawa: yadda a ke duba saura a asusu, yadda a ke tabbatar kuɗi sun shigo kafin a saki kaya, yadda a ke ɓoye lambar sirri, yadda a ke toshe lambar mai damun mutum, da yadda a ke auna labari. Yawancin wannan ƙaramar waya mai madannai ta isa, ba sai da intanet ba. Mace goma da suka iya sun ishi unguwa.

'Yan kasuwa su ma suna da rabonsu na aikin, kuma ribar tasu ce. Mai sarin man gyaɗa ko shinkafa da ke iya kiran mai kaya kai tsaye, ya biya ta cikin asusunta, ya huta da aike da musun lissafi. Matar da ta ji farashin Dawanau ko na Kwanar Gafan kafin dillali ya iso ba ta sayar da guminta a wulaƙance, kuma in jarinta ya ƙaru, a shagon garin za ta kashe. Mai shagon waya na iya ba ƙungiyar adashi waya bisa biya kaɗan-kaɗan. Attajiri na iya ɗora amintacciyar mace a kan na'urar POS cikin gida, domin mata su ajiye su cire ba tare da tsayuwa cikin maza a tasha ba. Hakimai da dagatai kuwa su ne za su nemi a kawo masu rajistar NIN kusa, a sa ranar mata dabam.

Amfanin ba ya tsaya ga ciniki. Mai naƙuda cikin dare a ƙauyen da ke nesa da asibitin Rano, in akwai waya a ɗakinta, za ta kira unguwarzoma ko mai mota ko da maigida yana gonar rani. Uwa za ta ji ranar rigakafi da ranar awo. Wadda ke son ƙarin karatu za ta saurari tafsiri da darasin fiƙihu tana tankaɗe. Kuma yarinyar da a ke aike da tire tun safe za ta sami sararin zama a aji, in mai saye ya iya yin oda ta waya ya aiko a karɓa.

Maigidan da ke shakka, ga ma'auni mai sauƙi. Ya tambayi kansa: in yau ya kwanta dama, matarsa za ta iya nuna abin da ke nata, ta kuma iya kai hannu gare shi ba tare da roƙon kowa ba? In amsar a'a ce, to gyaran ba shi da wuya. Ya raka ta wurin rajista, a buɗe layi da asusu da sunanta, ya zauna ya koya mata ko ya bar ta ta koya wurin 'yar'uwarta, su yi sharuɗɗan da suka dace da mutuncin gidansu kamar yadda su ke yi a kan fita unguwa. Allah ya sa a dace. Haza wasalam.