Daga Bune zuwa Tarmit: Zanen dutse ma haja ne

Duk ɗan kasuwar Bune ya san abin da ake fitarwa daga kwarurrukan Mangari, wato kanwa da dabino da kaba da bisashe, ya kuma san inda ake kai su: kudu, wajen Macina da Nguru da Maigatari. Arewa kuwa, a wurin mafi yawanmu, babu komai sai rairayi da rijiyoyin makiyaya. To amma a wannan arewar akwai wata irin dukiya wadda a wasu ƙasashe ta riƙe garuruwa sukutum, mu kuwa a nan ko dai ba mu kula ta, ko kuma muna sayar da ita a kan kuɗin goro.

Wanda ya tashi daga Bune ya bi ta Gure, ya bar kwalta ya nausa arewa ta Taskar, zai tarar da wani baƙin dutse mai tsawo a tsakiyar rairayi, shi ne dutsen Tarmit. Tafiya ce ta mota mai ƙarfi da ɗan jagora, ba ta ganganci ba. A jikin duwatsun wurin akwai zanen shanu da namun daji da mutanen da suka sassaƙa, wanda wani Bafaranshe mai bincike, Gérard Quéchon, ya yi rubutu a kai a 1979. A ƙasa kuma ana tsintar duwatsun niƙa da kawunan kibiya na dutse da fasassun tukwane, har da wuraren da aka narka tama. Wasu masana na cewa ƙirar ƙarfen wurin ta haura shekara 3,000, wasu kuma na jayayya da wannan lissafi. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, wurin da yau raƙumi ke wahalar samun ruwa, a da saniya ta yi kiwo a cikinsa. Mutumin Bune da ke kallon tudun rairayi na gangarowa cikin kwarinsa ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Zanen da ya fi suna a Nijar yana Dabus, kimanin kilomita 110 arewa da Agadas a kan hanyar Arlit. Raƙuman dawa ne guda biyu a kan falalen dutse, babban ya kai mita 5.4, kuma an ƙiyasta shekarunsu tsakanin 6,000 zuwa 8,000. Christian Dupuy ne ya fara sanar da masana labarinsu a 1987. A 1999 aka ɗauki siffarsu, aka zuba ta da sanholo, aka kafa ɗaya a filin jirgin saman Agadas. ƴan'uwanmu na jihar Jigawa ma suna da nasu a Birnin Kudu, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda aka zana shanu marasa tozo.

Mai karatu zai ce, to ina ruwan mai sayar da kanwa da wannan? Amsar tana Faransa.

A kudu maso yammacin ƙasar akwai wani yanki na ƙauyawa da ake kira Dordon, inda kogin Bezer ke ratsawa tsakanin gonaki da tsaunuka. A watan Satumba na 1940 wasu samari huɗu suka shiga wani rami kusa da garin Montinyak, suka tarar da kogo cike da zanen dawakai da bajimai da barewa, wanda aka yi kimanin shekara 17,000 da suka wuce. Shi ne kogon Lasko. An buɗe shi ga jama'a a 1948, baƙi suka yi ta kwarara har suka kai 1,200 a rana ɗaya. Numfashinsu da ɗumin jikinsu suka fara ɓata zanen, gansakuka ta fito a bango, sai gwamnati ta rufe kogon a 1963.

Nan ne dabarar Bature ta fito. Maimakon a haƙura, sai aka gina wani kogon na hannu, mita 200 daga na asali, aka kwaikwayi zanen daidai wa daida, aka buɗe shi a 1983. A 2016 aka sake buɗe wani da ya fi shi girma. Yau mutum zai biya sama da Yuro 20, wato fiye da jika 13 na sefa, don ya kalli abin da ya san ba na asali ba ne. Garin Montinyak kuwa mutanensa ba su kai 3,000 ba. Baƙon da ya zo sai ya kwana, sai ya ci abinci, sai ya shiga kasuwar Asabar ta garin Sarla ya sayi tsaraba: man gyaɗar Turawa, cuku, naman agwagwa. Mai masauki ya samu, mai tuƙa kwalekwale a kogi ya samu, tsohuwa mai tebur a bakin hanya ita ma ta samu, kuma dutsen yana nan inda yake, baɗi a sake cin moriyarsa.

Agadas ta taɓa ɗanɗana irin wannan. Lokacin da jirage ke kawo ƴan yawon buɗe ido kai-tsaye daga Faransa a watannin sanyi, maƙeran azurfa da dukawa da matan da ke saƙar tabarmi da faifai sun ga ciniki. Tawayen 2007 da sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom a Arlit a 2010 suka datse wannan hanya. Saboda haka kada wani ya ce wa matan Bune su fara tanadin tsaraba don Turawa na tafe gobe. Babu baƙon da ke zuwa inda ba shi da tabbacin komawa gida, kuma hanyar Tarmit ba ta yi kama da ta Montinyak ba.

Sai dai abin da ke hannunmu yanzu shi ne kada kayan su ƙare kafin lafiya ta samu. Dillalai sun daɗe suna bin makiyaya da ƴan kasuwa suna sayen kawunan kibiya da duwatsun ado da tukwanen da, a kan abin da bai taka kara ya karya ba, su kai wa masu tara kayan tarihi a Turai. An ga ƙarshen wannan ciniki a Bura, can yankin Tera, inda aka gano wata tsohuwar maƙabarta a 1975, Farfesa Bube Gado ya yi haƙa a 1983, daga baya masu neman na cefane suka tone wuraren yankin ɗaya bayan ɗaya. A 2000 sai da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa tukwanen Bura cikin jerin kayan da ta gargaɗi kowa da kada ya saya. Ga shi kuma tun 1997 Nijar na da dokar kare kayan tarihi, wadda ta hana fitar da su ba da izini ba, don haka direba ko Hajiyar da aka kama da su cikin buhun kanwa a bakin iyaka, ita za ta yi bayani, dillalin yana can gida.

A Dabus, bayan da aka ga ana taka zanen ana kuma rubutu a kansa, sai aka haƙa rijiya kusa da wurin, aka ɗauki mutanen yankin aikin gadi da yi wa baƙi jagora. Tarmit kuwa gwamnati ta mai da shi gandun da ake karewa tun 2012, tare da rairayin Tin Tumma.