Tsuntsaye Da Kwalekwale: Yadda Za Mu Kare Jiragenmu A Bakin Ruwa

Duk wanda ya taɓa yin sammako ya gangara bakin tafkin Lagdo a tsakiyar damina ya ga abin da muke son yin magana a kansa a wannan wata. Ga kwalekwale nan jere, wasu a ɗaure a jikin turke, wasu an jawo su rabi a ruwa rabi a tudu, amma maimakon masunta, tsuntsaye ne suka yi sahu a bakinsu. Ga balbela fari fat, ga zalɓe ya ƙame kamar mai gadi, ga hankaka yana leƙen cikin jirgi, shirwa kuwa tana can sama tana shawagi. Ga kuma baƙin tsuntsun nan mai nutso, wanda Faransawa ke kira kormoran, ya baza fukafukai yana shanya su. Baƙo zai tsaya ya yi ta sha'awa. Mai jirgi kuwa ba ya ganin komai sai aikin da ke jiransa da kuma kuɗin da zai kashe.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai a shekarar 1982, kimanin kilomita 50 daga Garwa, masunta suka yi ta kwararowa daga Arewa Mai Nisa, da Nijeriya, da Cadi, har da Mali. 'Yan'uwanmu Hausawa suna cikinsu, wasu suna su, wasu suna fito, wasu kuma suna fataucin banda. Haka abin yake a tafkin Maga da aka datse a 1979, da gaɓar kogin Logon, da bakin tafkin Cadi. A duk wuraren nan jirgi shi ne gonar mutum, shi ne jarinsa. Akwai wanda ya yi shekaru yana tari kafin ya mallaki nasa, akwai kuma wanda har yanzu bai gama biyan bashin inji ba. Saboda haka duk abin da zai taɓa lafiyar jirgi ba ƙaramar magana ba ce, ko da kuwa kashin tsuntsu ne.

Ɓarnar Da Ake Rainawa

Mutane da yawa suna ɗauka ƙazanta ce kawai, a ɗebi ruwa a watsa shi ke nan. To, abin ya wuce haka. Tsuntsu ba ya fitsari daban kamar akuya ko saniya. Farin nan da muke gani a cikin kashinsa shi ne a madadin fitsarin, kuma wani sinadari ne mai tsami da masana ke kira yurik asid. Ruwa ba ya narkar da shi da sauƙi, shi ya sa idan rana ta gasa shi yake kamewa kamar siminti. Idan ya daɗe yakan ci fenti, fenti kuwa shi ne rigar katako. Da zarar rigar ta yage sai danshi ya shiga, katako ya fara ruɓewa. Ƙusoshi da sauran ƙarafa su ma sukan yi saurin tsatsa a inda kashin ya taru, haka nan murfin inji yakan dushe.

Na biyu, akwai santsi. Kashin da raɓa ko yayyafi ya jiƙa yana da sulɓi ƙwarai, kuma masunta da asuba suke fita, ido bai gama gani ba. Mun taɓa ganin yaron jirgi ya taka bakin kwalekwale da jarkar fetur a kafaɗa, ƙafa ta kwashe shi, ya bugu a haƙarƙari, ya yi makonni bai fita ruwa ba. A gidan da hannu ɗaya ke ciyarwa, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Na uku, wanda ya fi duka, shi ne lafiyar jama'a. A cikin jirgin nan ake zuba karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa, a nan ake ajiye koma da kwando, a nan kuma masu fito ke ɗora buhun hatsi da mata da yara. Kashin tsuntsu yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa zawo da zazzaɓi. Ba mu manta da murar tsuntsaye ba, wadda ta ɓulla a Nijeriya a watan Fabrairu na 2006, sannan aka same ta a jikin agwagi a Marwa a watan Maris na wannan shekara, ta kuma sake ɓulla a Yawunde a 2016. A farkon 2021 cutar ta kashe kwasakwasa kimanin 750 a gandun tsuntsaye na Juj da ke ƙasar Senegal. Wannan ya nuna mana cewa tsuntsayen ruwa ma suna ɗaukarta. Ko ba cuta, 'yan kasuwar da ke kai kifi Garwa da Ngaundare suna da ido, kuma kifin da ya fito daga ƙazamin jirgi ba ya yin daraja.

Me Ke Kawo Su?

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Abu uku ne ke jawo tsuntsu jirgi. Na farko abinci, wato hanjin kifi, da ɓamɓaroki, da ƙananan kifayen da suka maƙale a koma, da ragowar dusar da aka sa a gura, da tuwon da yaran jirgi suka bari. Wannan shi ke kawo hankaka da shirwa da babba-da-jaka. Na biyu wurin sauka. Tsuntsun da ke cin kifi yana son busasshen wuri a tsakiyar ruwa, inda zai hango abinci a ƙasa, inda kuma kare ko yaro ba za su cim masa ba, kuma babu abin da ya kai bakin kwalekwale dacewa da wannan bukata. Na uku shiru. Jirgin da ake fita da shi kullum ba ya tara tsuntsaye. Wanda aka ɗaure aka tafi, shi ne ke zama gidansu.

Wannan ne ya sa matsalar ta fi tsanani a watannin damina da hukuma kan rufe su don kifi ya samu ya hayayyafa, lokacin da masunta da dama ke komawa gona ko su tafi ganin gida. Tana kuma ƙaruwa da hunturu, sa'ad da tsuntsaye masu ƙaura daga Turai ke sauka a fadamun Waza da Logon da tafkin Cadi.

Dabarun Da Ke Aiki

Dabara ta farko ba ta cin ko dala, ita ce tsabta. A wanke jirgi duk ranar da aka dawo daga ruwa, a kakkaɓe koma, kada a bar komai na ci a ciki. A daina feɗe kifi a gindin jiragen, a keɓe wuri nesa kaɗan, a haƙa rami a riƙa binne hanji. Wanda ya yi wannan ya rage rabin wahalarsa. A kuma guji ɗaure jirgi a ƙarƙashin itacen da balbela ke kwana, domin abin da za su zubo a dare guda ya fi na mako guda a fili.

Ta biyu ita ce igiya. Babban tsuntsu yana bukatar sarari kafin ya sauka ko ya tashi, kuma ba ya son abin da zai taɓa masa fiffike. A kafa sanda a goshin jirgi, wata a baya, a ja igiya tsakaninsu, sannan a ja wasu biyu a gefe da gefe, kamar taƙi guda sama da bakin jirgin, daidai inda suke dira. A ɗaura tsummoki jefi-jefi don su ga igiyar. Masu kiwon kifi a Turai da Amurka da irin wannan dabara suke kare tafkunansu, suna jan waya a saman ruwa. Amfaninta shi ne ba tsoratarwa take yi ba, hana sauka take yi, don haka sabo ba ya kashe ta da wuri.

Ta uku rufi. Tamfol ko zana ko tsohuwar tabarma duk suna yi, amma a ɗora a kan igiyar tsakiya ya yi tozo kamar jinka, a ja shi ya yi tauri. Idan aka shimfiɗa shi a kwance, an yi wa tsuntsaye shimfiɗa ke nan, ga kuma ruwan sama zai kwanta sauro ya samu gida. Inji kuwa, in da hali a cire shi a kai gida, in babu a rufe shi da buhu a ɗaure. Ƙaramin kwalekwale ana iya jawo shi tudu a kife a kan duwatsu ko guntayen itace, a inuwa, domin rana tana tsaga katako.

Ta huɗu ita ce tsoratarwa, wadda manoman shinkafa na Yagwa da Maga suka fi kowa sani saboda fama da jan-baki. Zaren tsohon kaset, da faifan sidi, da leda mai ƙyalli, da gwangwanaye masu tsakuwa a ciki, da mutum-mutumi mai riga da hula, duk suna korar tsuntsu. Sai dai na 'yan kwanaki ne. Tsuntsu yana da lura, musamman hankaka, kuma da ya gane abin ba ya cizo sai ya dawo. A ƙasashen Turawa ana sayar da mujiyar roba don masu jiragen shaƙatawa, amma su ma kukansu ɗaya ne, wato bayan ɗan lokaci sai a tarar da tsuntsu zaune a kan mujiyar. Mu kam ba ma jin akwai masuncin da zai yarda ya ɗora mujiya a jirginsa. Sirrin dai shi ne canji: yau ƙyalli, jibi ƙara, gata a matsar da mutum-mutumi a sake masa riga.

Wajen wanke tsohon kashi, a fara jiƙa shi da ruwa sosai kafin a kankare, a rufe hanci da baki da ƙyalle, a wanke hannu da sabulu bayan an gama. Kada a share shi a bushe, domin ƙurarsa tana shiga huhu. In an ga tsuntsaye suna mutuwa da yawa ba dalili, kada a taɓa su, kada a bar yara su ɗauka, a sanar da malaman dabbobi na ma'aikatar kiwo da su, wato MINEPIA.

Abin Da Bai Kamata Ba

Muna jan kunnen 'yan'uwa game da guba. Wasu idan abin ya ishe su sukan barbaɗa maganin ƙwari ko na ɓera a jikin hanjin kifi su ajiye. Wannan neman ƙiba ne da ke jawo rama. Gubar tana komawa ruwan da muke sha, muke kama kifi a ciki. Kare da kaji da agwagi suna ci, ungulu kuma ta ci mushen ta mutu. Ungulun nan da muka saba gani a mahauta, tun 2015 masana suka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, kuma a 2020 an rasa fiye da 2,000 a ƙasar Gine Bisau saboda guba. Ban da haka, dokar ƙasa ta hana zuba guba a ruwa, kuma mu da ake yi wa kallon baƙi a wasu wurare, laifin mutum ɗaya yana iya shafar zango gaba ɗaya.

Haka nan kada a lulluɓe jirgi da tsohuwar koma. Tsuntsaye suna sarƙewa a ciki su mutu su ruɓe, sai a tarar da wari da tsutsa, ƙazantar ta fi ta da.

Ya kamata kuma mu tuna cewa tsuntsayen nan ba maƙiyanmu ba ne. Tsoffin masunta da su suke gane inda kifi ya taru. Kashinsu idan ya zuba a ruwa taki ne ga 'yan tsirran da ƙananan kifaye ke ci. A ƙasar Peru, daga wajen 1840 har shekaru talatin da 'yan kai, kashin tsuntsayen teku shi ne babban abin da ƙasar ke sayarwa, jiragen ruwa suna lodinsa zuwa Ingila da Amurka don takin gona. Wanda ya kankare na jirginsa ya haɗa da shara ya bari ya ruɓe, ya samu abin zuba wa lambun albasa.

Aikin Gayya Ne

Idan mutum ɗaya ya kori tsuntsaye daga jirginsa, na maƙwabcinsa za su koma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Don haka muna kira ga sarakunan ruwa da shugabannin ƙungiyoyin masunta da su zauna kafin a rufe su na bana, su tsayar da wurin feɗe kifi guda, su haɗa jiragen a wuri ɗaya, su kuma raba kwana, ta yadda kullum za a samu mutum biyu da za su zaga safe da yamma, su gyara igiya, su kwashe ruwan sama, su matsar da abin tsoratarwa. Masu tafiya gida su bar ɗan abin goro ga masu zama. Wannan zagaye zai kuma rage satar inji da koma, wadda ita ma a irin wannan lokaci take yawa.

Kuɗin igiya da tsohon tamfol bai kai na gwangwanin fenti da sabon katako da ladan kafinta ba, balle kuɗin asibiti. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyaye mana dukiyarmu, Ya kai mu ranar buɗe ruwa lafiya.