Digirin Horad da 'Yan Wasa: Ko Ya Cancanci Kuɗin Manomi?

'Yan'uwa manoma, a tarurrukan ƙungiyoyinmu na Gusau da Tsafe da Bunguɗu wata tambaya tana yawan tasowa. Yaro ya gama sakandare, uba yana fata ya zama malamin gona ko malamin asibiti, sai yaron ya ce shi koci yake so ya zama, watau mai horad da 'yan wasa, har ma a jami'a zai karanto. Uba kuwa ya san wasa wasa ne. Zai sayad da ɗan marakinsa domin ƙwallo?

To, karatun dai akwai shi, ba ƙarya yaron ya yi ba. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, da Jami'ar Bayero ta Kano, akwai sashen ilmin motsa jiki da lafiya, wanda ɗalibai suka saba kira PHE. Mai shiga ta jarrabawar JAMB zai yi shekara 4. Mai takardar NCE ta wannan fanni yakan fara daga aji biyu, ya yi shekara 3. Ana neman kiredit 5, har da Turanci da Lissafi, kuma wanda ya yi sakaci da ilmin halittu zai sha wuya.

Gama ba guje-guje kaɗai ake yi a can ba. Ana koyon ƙasusuwa da tsoka da jijiyoyi, da yadda zuciya da huhu suke aiki sa'ad da mutum yake gudu, da irin abincin da ke mayad da ƙarfi, da taimakon farko ga targaɗe ko karaya. Ku da kuke noma da shanu kun san wannan hikima: ba a ɗaura wa sabon sa garma ya wuni a rana ta fari, kuma ba a huɗa da tsakar rana. Haka koci mai ilmi ba zai sa yara gudu a zafin Afrilu na Gusau ba ruwa ba. Yara nawa ne a ƙauyukanmu suka gurɓata gwiwa tun suna ƙanana, don mai kula da su bai san lokacin da za a ce a huta ba?

Amma a lura da abu ɗaya. Digirin nan na malanta ne, ba shi ne lasin koci ba. Mai son riƙe babbar ƙungiyar ƙwallo sai ya ƙara da lasin hukumar ƙwallon Afirka, CAF, mataki mataki. Akwai kuma Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Legas, wadda aka buɗe a 1974 domin horad da koci-koci. Manu Garba, ɗan Gombe, ya kai yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 17 suka ci kofin duniya a 2013. Sai dai irinsa ba su da yawa, kuma ƙungiyoyin ƙwallo na ƙasar nan sun yi suna wajen jinkirta albashi.

A ganinmu aikin da ya fi tabbata ga mai wannan digiri shi ne koyarwa a sakandare, ko aiki a hukumar wasanni ta jiha. Saboda haka kafin kwamiti ya ba da rance daga asusun ƙungiya, a zaunad da yaron a tambaye shi: ka yarda ka riƙe alli? In ya ce shi sai babban filin wasa kurum, a dakata. Kuɗin nan na mutane ne da yawansu 'yan bindiga suka hana su noma gonakinsu na nesa, ba na gwaji ba ne.

In kuwa ya yarda, shawararmu ya fara da NCE, ya kama koyarwa, sa'an nan ya nemi Zariya da ɗan albashinsa a hannu. A duba takardun JAMB na shekarar kafin a sayad da ko buhu ɗaya.