Kafin a Sayi Taraktar Ƙungiya: A Duba Irin Giyarta

Ƙungiyoyin manoma na ikilisiyoyi da dama sun fara tara kuɗi, waɗansu kuma suna neman rance, domin su sayi tarakta tasu ta kansu maimakon jiran ta haya wadda ba ta isowa sai lokacin shuka ya wuce. Wannan abin godiya ne. Amma tambayoyin da kwamitoci suke kawo mana kusan iri ɗaya ne: nawa ne kuɗinta, ƙarfin doki nawa ne, wane kamfani ya yi ta. Da wuya a yi tambaya a kan giyarta, alhali kuwa giya ce za ta nuna ko taraktar za ta iya kaftu a ƙasa mai tauri, ko za ta sauko gangara da kaya lafiya, ko kuwa za ta kwana a bayan majami'a damina guda ana jiran kayan gyara. Kuɗin nan kuma na jama'a ne, har da na gwauraye da na Zumuntar Mata.

Aikin giya ba shi da wuyar ganewa. Injin tarakta yana juyawa wajen sau 2,000 a minti ɗaya, amma babbar tayar baya, idan ana kaftu, ba ta wuce sau 20 zuwa 25. Giyabos ne yake karɓar wancan saurin ya mai da shi ƙarfin ja. Ƙaramar giya, tafiya kaɗan, ƙarfi da yawa. Babbar giya, gudu da yawa, ƙarfi kaɗan. Bambancin taraktoci yana ga yadda ake sauyawa daga wata giya zuwa wata, da yawan ƙarfin da yake ɓacewa a hanya kafin ya isa taya.

Giyar hannu

Wannan ita ce wadda yawancinmu muka saba gani, a tsofaffin Steyr da aka riƙa haɗawa a Bauci, da Fiat, da Massey Ferguson 375 irin wadda ake kawowa daga Pakistan. Ita 375 ɗin tana da ƙarfin doki 75, giya 8 na gaba da 2 na baya: sanda ɗaya mai giya huɗu da ribas, sanda ta biyu kuma ta zaɓen ƙarami ko babba. A ciki ba komai sai haƙoran ƙarfe suna cizon juna. Saboda haka ƙarfin injin kusan duka yana kaiwa taya, ba ta cika zafi ba, bakaniken gari yana iya buɗe ta ya ɗaura, kayan gyaranta kuma ana samu a kasuwanni kamar Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano.

Matsalarta ita ce sai an taka kuloci kafin a sauya giya. A kan hanya wannan ba wani abu ba ne. A gona kuwa, da zarar an taka kuloci garma tana cikin ƙasa, tarakta ta tsaya cik. Dole direba ya zaɓi giyarsa tun daga bakin gona. In ya iso wuri mai tauri injin ya fara nishi, sai ya tsaya ya koma ƙaramar giya, ko ya ɗan ɗaga garma. Direban da ba shi da haƙuri yakan ɗora ƙafa a kan kuloci rabi da rabi domin injin ya huta, nan ne kuwa faranti yake ƙonewa. Sauya farantin kuloci sai an raba tarakta gida biyu.

Akwai giyar hannu da aka inganta, wadda aka sa mata zobba masu daidaita saurin haƙora kafin su haɗu, masu sayarwa suna kiranta sinkiro. Da ita ana iya sauya giya tarakta tana tafiya ba tare da ƙarar haƙora ba, kamar a mota. A gona ba ta ƙara wani abu sosai, amma ga ƙungiyar da za ta yi jigilar masara, taki, yashi da bulo rabin shekara, tana da amfani ƙwarai, domin ana iya tashi da ƙaramar giya a hau zuwa babba. Wadda ba ta da sinkiro sau da yawa direba yakan tashi da kaya a babbar giya kai tsaye, kuloci ne yake shan wahalar.

Kada kuma yawan giya ya ruɗe mu. Abin dubawa shi ne giya nawa ne suka faɗa tsakanin kilomita 4 da 10 a awa, domin a nan ake kusan dukan aikin gona. Garma mai faranti tana so wajen 5 zuwa 7, haro kuma ya ɗan fi haka sauri. Ga lissafi: garma mai faranti uku tana yanka faɗin wajen santimita 80. In ana tafiya kilomita 6 a awa, wannan kusan rabin hekta ke nan a awa, in an cire juyawa a bakin gona sai a ce hekta ɗaya a awa uku. In giyar da ta dace babu, aka koma ta kilomita 4, aikin awa uku ya zama na awa huɗu da rabi. A makon da kowane ɗan ƙungiya yake jiran layinsa bayan ruwan fari, wannan bambanci zai iya barin gonaki da yawa ba a taɓa su ba. Kusan kowace tarakta tana da takarda manne a kusa da kujera mai nuna saurin kowace giya. A karanta ta kafin a yi ciniki.

Giya mai sauyawa cikin tafiya

Turawa sun daɗe suna neman hanyar sauya giya ba tare da tsayawa ba. A Amurka kamfanin International Harvester ya fito da Torque Amplifier a 1954, Ford ya biyo da Select-O-Speed a 1959, Massey Ferguson ya kawo Multi-Power a 1962, John Deere kuma ya sa Power Shift mai giya 8 a taraktarsa 4020 a farkon shekarun 1960. Dabarar ita ce, a cikin giyabos akwai ƙananan kuloci masu jiƙe da mai, famfo yana tura mai ya matse su. Direba ya taɓa liba kawai, giya ta sauya, garma ba ta tsaya ba. Waɗansu kowace giya haka take sauyawa, waɗansu kuma mataki biyu ko huɗu ne kawai a cikin kowace giyar hannu.

Gaskiya ita ce, don kaftu mai nauyi a babbar gona, babu kamarta. Shi ya sa manyan gonaki suke sonta. Amma rayuwarta tana rataye ga mai. Tana so man da littafinta ya faɗa, mai tsabta, da sauya matatar mai a kan lokaci. Ƙurar hunturu ta shiga ta mazurari mai datti, ko a zuba baƙin mai da aka tsiyaye daga wata mota, ko man giya mai kauri irin na manyan motoci, sai ƙananan kulocin nan su fara zamewa. Sababbin kuma na'urar lantarki ce take sarrafa su, in waya ɗaya ta tsinke ko ɓera ya ci, sai an kira mai kwamfuta daga birni. Wani abu kuma da ya shafe mu mutanen ƙauye: irin wannan tarakta ba a tura ta ta tashi. Mun saba in batir ya mutu a ajiye tarakta a kan tudu, da safe a sake ta ta gangara ta kama. Wannan ba zai yiwu ba, domin in injin bai tashi ba famfo ba ya tura mai, giya kuma ba ta kamawa.

A nan muna so kwamitoci su kasa kunne sosai, musamman na ƙasar duwatsu kamar Filato, Kudancin Kaduna, Tangale da Mambila. Cikin taraktoci na hannu da ake shigowa da su daga Ingila akwai tsofaffin Massey Ferguson 135 da 165 da ire-irensu masu Multi-Power. Za a ga 'yar liba a gaban direba mai matsayi biyu, sama da ƙasa. In libar tana matsayin ƙarami, injin ba ya riƙe tarakta a gangara ko kaɗan, tayoyi suna sakewa kamar an cire giya. Haka aka ƙera ta, ba lalacewa ba ce, tsohon Torque Amplifier ma haka yake. Direban da bai sani ba yakan ce bari ya sa ƙarami domin ya sauka a hankali, sai tirela cike da buhuna ta tura shi, birki kaɗai ba zai riƙe ba. Mai irin wannan tarakta dole ya sauka gangara da libar a matsayin babba, sandar giya kuma a ƙaramar giya. In famfon ya raunana, tana komawa ƙarami da kanta. Mu dai shawararmu, ƙungiyar da hanyarta take da gangara ta bar irin wannan, kome arharta.

Mai tafiya da ƙarfin mai

Akwai wadda ake kira haidiro. Injin yana juya famfo, famfo ya tura mai, mai ya juya tayoyi. Babu kuloci, feda ɗaya gaba, ɗaya baya, mai sauƙin tuƙi har ga wanda bai daɗe da koyo ba. International Harvester ya sa ta a taraktarsa 656 tun 1967, yau kuma an fi samunta a ƙananan taraktoci na yankan ciyawa da ɗiban ƙasa. Ba ta dace da mu ba. In aka sa ta jan garma daga safe zuwa yamma, wani kaso na ƙarfin injin yana zama zafi a cikin mai, ta sha gas da yawa ta yi aiki kaɗan, a zafin watan Afrilu kuma abin ya fi muni.

Sai kuma giya marar mataki, wadda kamfanin Fendt na Jamus ya nuna a 1995 da sunan Vario. Ta haɗa haƙora da ƙarfin mai, kwamfuta tana zaɓen saurin da ya dace. Tana da kyau ƙwarai, amma kuɗinta da gyaranta sun fi ƙarfin ƙungiyar ƙauye nesa ba kusa ba.

Abin da muke ba da shawara

Ga ƙungiyar da aikinta kaftu ne da haro da huɗa da damina, jigila kuma da rani, mun fi amincewa da giyar hannu, ƙarfin doki 70 zuwa 85. In kuɗi ya kai, a ɗauki mai sinkiro. In ƙungiya za ta yi aiki a fadama mai laka, ƙarin kuɗin da za a kashe a kan giya ta zamani gara a kashe shi a kan tarakta mai ja da taya huɗu, domin a laka tayar ce take zamewa, giya ba za ta hana ba. Libar gaba da baya tana da daɗi ga mai loda ƙasa da cebur na gaba, amma ga mai kaftu ba dole ba ce. Wadda za a sa wa injin casa ko na yankan ƙasa na shinkafa, a tabbata sandar da take juyawa a bayanta tana ba da juyi 540 a minti, kuma kulocinta mai hawa biyu ne: a taka rabi tarakta ta tsaya sandar tana ci gaba da juyawa, a taka duka ita ma ta tsaya.

Game da jigila, littattafan masu ƙera taraktoci suna gargaɗi kada tirela marar birki, haɗe da kayanta, ta wuce nauyin tarakta sau ɗaya da rabi. Tarakta mai tan 2 da rabi ke nan za ta ja tan 3 da kwata uku. In tirelar kanta tan ɗaya ce, saura buhu 27 na masara mai kilo 100. Mun sani ana loda fiye da haka, a kuma ɗora mutane a sama ranar kasuwa ko ranar taron gunduma. In ana so a ɗauki fiye, a sayi tirela mai birkinta. A ɗaure tirela a ƙarfen ja na ƙasa, kada a ɗaure ta sama da gatarin baya, domin tarakta takan ɗaga gaba ta kife a kan direba. A kulle fedojin birki biyu wuri ɗaya kafin a hau hanya. Giyar da aka hau tudu da ita, da ita za a sauka, a sa ta tun kafin a fara gangara, kada kuma a taka kuloci ko a cire giya don tsimin gas.

Ranar da za a je ganin tarakta ta hannu, kada shugaba da ma'aji su tafi su kaɗai. A tafi da direban da zai tuƙa ta, da bakaniken da zai riƙa gyara ta, a tambaye shi a gaban kowa ko ya taɓa buɗe irin wannan giyabos. A zaro sandar auna man giya: in man ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga, in yana warin ƙuna ko ana ganin garin ƙarfe, a bar ta. A bar injin ya yi zafi sosai kafin a gwada, domin mai sanyi yana ɓoye rauni. A sa kowace giya ɗaya bayan ɗaya har da ribas, a ɗaga ƙafa daga totur farat ɗaya a ga ko sandar za ta fita da kanta. In mai sayarwa ya yarda, a ɗaura garma a yi layi biyu ko uku a ƙasa mai tauri. A nemi littafin taraktar, a rubuta sunan man giyarta da awannin sauya shi a littafin ƙungiya, a kuma ware kuɗin wannan mai da na farantin kuloci ɗaya daga kuɗin hayar farko da za a karɓa.