“Duhu Ya Yi Yawa, Ba A Jin Magana”: Laifin Fim Ne Ko Na Waya?

Ranar Litinin ita ce ranar yanke wa finafinai hukunci. A shagon cajin waya, a bakin aji, a cikin Keke Napep da guruf-guruf na WhatsApp, kowa yana sauke abin da ya kalla tsakanin daren Juma'a da daren Lahadi. Wannan ya ce sabon kashin Labarina ya yi armashi. Wancan ya ce shi sai yanzu ya samu ya kalli RRR, kuma duk tsawonsa bai tashi ba sai da ya ƙare. Sai kuma wanda ya kwana a kan The Batman ya tashi da haushi: duhu ne kawai, ba a ganin fuskar kowa, maganar ma kamar daga cikin bargo take fitowa. “Ɓata data ne.” Shi ke nan, an gama da fim.

Irin wannan hira ba a neman hujja a cikinta, daɗinta ke nan. Sai dai ba a cika tambayar mai hukuncin wane kwafi ya kalla ba, kuma a kan wace waya. Da yawa daga cikin ƙorafe-ƙorafen ranar Litinin ba a kan fim ɗin da darakta ya yi suke ba, a kan abin da ya rage daga fim ɗin ne bayan an matse shi.

Lissafin bai da wuya. The Batman, wanda Matt Reeves ya fitar a 2022, minti 176 ne. Kwafin da ke yawo a hannun masu tura fim da shafukan saukewa sau da yawa bai wuce megabait 300 zuwa 400 ba, saboda shi ne ke da sauƙin sauka, kuma ba ya cika memori. A ɗauki na 300. Megabait ɗaya megabit takwas ne, wato megabit 2,400 ke nan. In aka raba shi a kan daƙiƙa 10,560 na fim ɗin, kowace daƙiƙa tana samun kusan megabit 0.23, hoto da sauti duk a ciki. Ita kuwa YouTube tana ba da shawarar megabit 0.7 a daƙiƙa don kallon 360p, 2.5 don 720p, sannan 5 don 1080p. Wato kwafin nan bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da ake so wa 360p ba. Ko an rubuta 1080p a jikin sunan fayil ɗin, rubutu ne kawai. Lambar tana faɗin yawan ɗigon hoto, ba ta faɗin yawan bayanin da aka bari a cikinsu.

Me ya sa kuma finafinan duhu suka fi shan wahala? Manhajar da ke matse bidiyo tana zubar da duk abin da take ganin ido ba zai lura da shi ba, kuma inuwa take fara ci. Bambancin baƙin riga da baƙin bango da baƙin dare, wanda mai ɗaukar hoto ya sha wahala ya tsara, sai ya dunƙule ya zama tabo ɗaya mai murabba'ai. Ba masu ƙananan wayoyi kaɗai wannan ya taɓa ba. A watan Afrilun 2019, lokacin da aka nuna kashin Game of Thrones mai suna The Long Night, duniya ta yi ca a kan duhunsa, mai ɗaukar hoton, Fabian Wagner, ya ɗora laifin a kan saitin talabijin na mutane da kuma matse bidiyon da ake yi wajen aiko shi. An yi masa dariya a lokacin, amma akwai gaskiya a maganarsa.

Sai allon wayar shi kansa. Yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi allon LCD ne da su, wanda fitila ce a bayansa tana ci kullum, don haka baƙi ba ya taɓa zama baƙi, sai toka-toka. Allon AMOLED kuwa kowane ɗigo yana kunna kansa yana kashe kansa, shi ya sa dare ke fita a matsayin dare. Ba sai an sayi sabuwar waya ba kafin a gyara wani abu. Mutane da yawa suna kallo da tsarin kare ido a kunne, wanda ke mai da komai ruwan ɗorawa, ko tsarin tattalin batir da ke rage haske, ko kuma suna zaune a ƙofar gida da rana tsaka. Fim irin The Batman ɗaki mai duhu yake so, da hasken allo a sama, da waɗancan saituka biyu a kashe.

Maganar sauti ta ma fi ban haushi. Manyan finafinai ana haɗa sautinsu ne don lasifika shida, tsarin da ake kira 5.1, kuma maganar 'yan wasa tana da nata lasifikar a tsakiya. In aka tattara duka shidan aka cusa a lasifika ɗaya ƙarama da ke ƙasan waya, wadda galibi tafin hannu ya toshe rabinta, kiɗa da harbi su ne ke cinye magana. Iyafis mafi araha a kasuwa ya fi lasifikar waya nesa ba kusa ba. Akwai kuma wanda zai buɗe fim a MX Player ya ga hoto ba sauti, ya ce kwafin ya lalace, alhali nau'in sautin EAC3 ne manhajar ba ta karantawa sai an ƙara mata wani fayil. VLC tana buɗe shi ba gardama. Amma a yi adalci: wani lokacin laifin na fim ɗin ne. Tenet na Christopher Nolan, a 2020, har waɗanda suka kalle shi a manyan sinimomi sun koka cewa ba sa jin abin da ake faɗa.

Nan ne za a gane dalilin da ya sa finafinan Hausa masu dogon zango suke cin kasuwar ƙarshen mako a waya. Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad, da ire-irensu a YouTube, labarinsu a baki yake. Kyamara tana kan fuska, haske a wadace, falo ne ko ofis, abubuwa ba sa motsi da gudu. Wannan shi ne irin hoton da ke jure matsi. A 360p ma ana bin sa lafiya, har mutum yana cin abinci yana saurare. Ba raini ba ne, sanin inda masu kallo suke ne. Matsalolinsu na gaske, kamar fitowa ɗaya da za a ja ta minti goma alhali biyu sun isa, ko sautin da ke hawa da sauka daga ɗaki zuwa ɗaki, waɗannan ba waya ce ta jawo ba, kuma mai ƙorafi a kansu yana da gaskiya. Haka finafinan Indiya da aka fassara: muryar mai fassara a kusa da makirfo aka ɗauke ta aka ɗora a saman komai, ba ta taɓa ɓacewa. RRR na S. S. Rajamouli launinsa mai haske ne, shi ya sa yake burgewa ko a ƙaramin allo, amma wanda ya ga fitowar da aka saki namun daji a cikin taron Turawa a kwafin megabait 400 bai ga komai ba tukuna.

Wanda ke biyan kuɗin kallo ma bai tsira ba. Tsarin Netflix mafi araha, na waya, 480p yake bayarwa. In kuma an kunna tattalin data a cikin manhajar, gigabait ɗaya na kai kusan awa shida, wanda alheri ne ga aljihu amma hoto ne ke biya. Akwai kuma wani abu da ake kira Widevine, makullin da Google ke sa wa wayoyin Android don kare finafinai daga sata. Wayar da ke da matakin L1 tana iya nuna Netflix a HD. Mai L3 ba za ta wuce ƙaramin hoto ba ko da mutum ya biya tsari mafi tsada. Manhajar DRM Info a Play Store tana nuna matakin cikin daƙiƙa biyu, kuma ya kamata mai son kallo ya duba kafin ya biya kuɗin waya a kanti.

Game da kwafin da ake karɓa hannu da hannu: Xender ba ya rage ingancin fim, yadda aka tura haka zai isa. WhatsApp yana matse bidiyo sai dai in an tura shi a matsayin dokumen, wanda ke ɗaukar har gigabait 2. In sunan fayil yana ɗauke da CAM ko HDTS, wani ne ya ɗauka da kyamara a cikin sinima, har tarin mutane ana ji. Ban da cewa satar fasaha ce, babu ra'ayin da za a gina a kan irin wannan kwafi. Kuma fim ba ya ƙarewa da .apk. Duk maɓallin saukewa da ya ba mutum fayil mai wannan ƙarshen, manhaja ce aka miƙo masa, kuma in ta nemi izinin karanta saƙonni, lambobin sirrin da banki ke turowa take nema. Asarar a nan ta wuce ta data.

Saura abin da ba na'ura ba ce ke yi. Waya ta koya wa yatsa danna gefen allo sau biyu don tsallake daƙiƙa goma, ta kawo gudun 1.5, ga saƙonni na faɗowa daga sama. Fim kamar Anikulapo na Kunle Afolayan, wanda ya fito a Netflix a 2022 da harshen Yarabanci, sai an bi rubutun fassara a ƙasa; wanda ya ɗaga ido ya amsa saƙo biyu ya rasa dalilin da ya sa Saro ya shiga halin da ya shiga, gobe kuma ya ce labarin bai haɗu ba. Ƙara girman rubutun fassara da kashe sanarwa na awa biyu ba sa cin ko kilobait ɗaya.

Ga wanda ke shakkar ko kwafinsa ne ya cuce shi, akwai gwaji mai arha. Ya nemi tallar fim ɗin a tashar kamfanin da ya yi shi a YouTube, ya sa ta a 1080p, ya sa iyafis. Minti biyu da rabi ne, bai kai megabait 100 ba. Sai ya nemo fitowar da ya gani a tallar a cikin nasa kwafin, ya tsayar da hoton, ya kwatanta. In bambancin ya yi yawa, fim ɗin yana bin sa bashin kallo na biyu, ko da da datar dare ce.