Kukan Birki: Bayani Daga Titunan Tamale

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin babbar kasuwar Tamale, hedikwatar Yankin Arewa na ƙasar Gana, ya san ƙarar da tasi da babura masu ƙafa uku ke yi in sun zo tsayawa. Hausawa kan ce birki yana "kuka". Ita kalmar birki, ko burki a bakin wasu, aro ce daga Ingilishi. Da yake Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, sai aka cusa wasali tsakanin b da r, aka kuma ƙara wani a ƙarshe. Ɗalibi ya lura da aikatau ɗin da ke tafiya da ita: ana taka birki, ana jan birkin hannu, birki yana ci ko ya ƙi ci, ya kan kuma shanye. A Tamale da sauran garuruwan Gana, wanda Bakano zai kira bakanike an fi kiransa fita.

Yadda birki ke aiki ba wuya. A bayan tayar gaba akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da ita, da takalma biyu, ɗaya ta kowane gefe. In direba ya taka, man birki ya tura takalman su matse faifan, gogayya ta rage gudu. Wannan matsa kan sa faifan da takalman su yi karkarwa. Idan karkarwar ta wuce sau 1,000 a daƙiƙa, kunne na jin ta kamar fito. Wato kukan ba ciwo ba ne, alama ce, kuma ba kowane kuka ke nufin haɗari ba. Aikin direba shi ne rarrabewa.

Akwai kukan safiya. Da damina, wajen watan Mayu zuwa Oktoba a arewacin Gana, motar da ta kwana waje takan wayi gari da tsatsa siririya a fuskar faifan. Taku uku ko huɗu ya goge ta, kukan ya ɗauke. Lokacin da nake karatu a Turai, gishirin da ake watsa wa titi saboda ƙanƙara shi ke jawo irin wannan tsatsa. A Tamale kuwa babban mai laifi ƙura ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ta, ga kuma jar ƙasar hanyoyin unguwanni da ƙauyuka inda kwalta ba ta kai ba. Ƙurar na shiga tsakanin takalmi da faifai, ko ta taru cikin gangar birkin baya. Maganinta kwancewa da wankewa. Sai dai kada a hura ta da baki ko da iskar famfo, kamar yadda yaran gareji suka saba, don wasu takalman, musamman tsofaffi da masu araha, na ɗauke da asbestos, wanda ke lalata huhu sannu a hankali.

Kukan da ya fi cancanta a saurara shi ne siririn da ba ya ɗaukewa. Sabon takalmi kaurin abin gogarsa ya kai milimita 10 zuwa 12. Masu ƙera yawancinsu kan liƙa wani ɗan harshen ƙarfe a gefe, wanda ba ya taɓa faifan sai takalmin ya cinye ya rage kamar milimita 2 ko 3. Da gangan aka sa shi ya yi tsiwa. A nan direba na da sauran kwanaki kaɗan na zuwa gun fita. In ya yi kunnen uwar shegu, kukan zai koma gurza, wato ƙarfe na cin ƙarfe. Daga nan faifan ya tsage da layuka, kuɗin gyara ya ninka, kuma motar na buƙatar ƙarin tazara kafin ta tsaya. A titin da babura da kekuna da awaki ke ratsawa ba sallama, kamar hanyar Bolgatanga, wannan ƙarin tazara ita ce tsakanin tsayawa da take mutum.

Wani lokaci takalmin sabo ne amma yana kuka. Ko dai zafi ya sa fuskarsa ta yi sulɓi, abin da ke faruwa ga direban da ke ɗora ƙafa kan birki a gangara maimakon ya sauko da giya, ko kuma kayan ne marasa kyau. Kasuwannin Suame a Kumasi da Abossey Okai a Akara na da nagari da jabu, kuma kwalin ba ya faɗar gaskiya kullum. Sulɓi kaɗan sanfefa na cire shi.

Na taɓa ganin wani yaro a wani gareji ya ɗauko baƙin mai zai shafa wa fuskar takalmi don a kashe kuka. Lalle kukan zai mutu, amma tare da birkin. Giris na musamman mai jure zafi ake sa wa, shi ma ɗan kaɗan, a bayan takalmin da kan sandunan da yake zamewa a kai. Takalmin da mai ya jiƙa kuwa jefar da shi ake yi, kuma in za a canja na tayar dama, tilas a canja na hagu tare, in ba haka ba motar za ta riƙa fizga gefe guda duk lokacin da aka taka.